Daɓen Gadar Ginanniya

Tun da aka kai Kande makwancinta ban cika fita ba. Amma shekaranjiya ƙarar inji ta hana ni zaman ɗaki, na ɗauki sandata na lallaɓa har bakin hanya. Na tarar da wata ƙatuwar mota mai haƙoran ƙarfe tana cizon tsohuwar gadar nan ta kudancin Matameye, tana ɗaga duwatsunta tana zubarwa gefe. An ce za a faɗaɗa hanyar ne a zuba mata gudoro, wato kwalta, har iyaka. Yara sun taru suna kallo suna ihu, ban kuwa ga laifinsu ba. A wurinsu tudu ne kawai da busasshen rami a ƙarƙashi, inda awaki ke fakewa in rana ta take. Na duba hagu na duba dama, ban ga mutum ɗaya da zan ce wa “kin tuna?” ba. Mai amsa mini wannan tambaya Kande ce, ƙawata tun muna 'yan mata masu tallar dafaffen rogo, kuma ta riga ni. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani game da gadar, tun ina da bakin faɗa.

A zamanin da nake magana, ramin nan ruwa ne ke gudu a cikinsa, rani da damina. Ginanniya muke ce masa, domin ba ruwan ne ya tsaga wa kansa hanya ba. Kakannin kakanninmu ne suka gina shi da hannu, suka janyo ruwa daga ƙorama suka kai shi fadamar ƙasa, inda rabin garinmu ke da lambu. Rake ne a can, da albasa, da alkama, da gauta da barkono. Wanda bai ji fadamar nan da sassafe ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Kwaɗi ba su gama kukansu ba jigo ya fara nasa, wannan doguwar sanda da ake ɗaga guga da ita, tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Can cikin gari kuma taɓare sun fara amsa wa juna. Mu matan aure ƙanana mukan sauko da tuluna a ka, mu ɗebi ruwa a sama, mu gangara ƙasa mu yi wanki. In yarinya ta yi kuskure ta tsoma zane a inda ake ɗiba, uwar mijina, wadda nake kira Inna, ba ta zagi. Sai ta ce, “Na ƙasa ma mutane ne, yarinya. Abin da kika saki a nan, shi za su sha.” Yau wanda ke da hali ya sayi inji ya kafa a bakin rijiyarsa, injin na tari yana hayaƙi, ba ruwansa da na sama balle na ƙasa. Ban ce ba ci gaba ba ne. Sai dai a da in ruwa ya ragu, gari ne gaba ɗaya ke rashin barci, yanzu kuwa kowa da nasa rashin barcin.

Don ƙetarewa, an gitta kututturen giginya guda, masu tafiya da ƙafa na bi ta kai. Dabbobi kuwa suna da mashigi can sama, inda gaɓa ta yi kwanciya kuma ƙasan ruwan tsakuwa ce. Nan jakunan fatake ke wucewa, masu zuwa Kano da kanwa da gishiri, su dawo da goro da tufafi.

An haife ni Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar ba. Na yi aure, ina goyon fari, sai aka ce gwamnati za ta yanka hanyar mota daga Damagaram, ta bi ta Kance, ta ratsa garinmu ta nufi iyaka. Aikin tilas ne, ba wanda aka tambaya. Gardi mai jar hula, wato ɗan sandan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, yakan tsaya a ƙofar mai unguwa, kowane gida ya fitar da namiji. Maigidana ya yi aikin ya dawo da ƙafafu a farfashe. Ƙanensa an tura shi wajen arewa, zazzaɓi ya kama shi a can, rigarsa kawai aka kawo wa Inna. Daga nan maigidana, wanda dama ba mai yawan magana ba ne, ya ƙara yin shiru. A shekarun nan gidaje da yawa sun zama kango. Sai a wayi gari a ga ƙofa a buɗe, murhu da sanyi, an san mutanen sun tsallaka ƙasar Daura, inda Ingilishi ke mulki, inda aka ce aikin hanya bai kai namu zafi ba.

Hanyar Nasara ba ta san lanƙwasa ba. Ta zo miƙe ta ci karo da Ginanniya a inda ta fi zurfi, kuma shawarar farko ita ce a cike ta da ƙasa a wuce. Dattawa suka tafi Kance suka faɗi gaban sarki, sarki ya kai kukan wurin kumandan. Abin da ba mu zata ba sai ya faru: aka ce gwamnati ta yarda za ta gina gada daga aljihunta. Muka ga raƙuma sun iso da gangunan siminti da ƙarafa, tare da wani magini baƙo, mutumin Dahome, gajere mai faɗin kafaɗa, da ke gaishe da kowa har da yara. Duwatsu maza suka ɗauko a ka. Ya gina ƙafafun gadar biyu, nan gaɓa da can gaɓa, ya gitta ƙarafa, aka jera kututturan giginya a kai. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyinsa ya shaida. Ranar da aka gama, motar kumandan ta bi ta kai ta dawo, aka yi kiɗa. Ruwanmu na wucewa ta ƙasa, hanyarsu na wucewa ta sama. Muka ce mun tsira.

Ba wanda ya yi shawara da jakuna. Ayarin farko da ya iso, jakin gaba ya ɗora kofato ɗaya a kan giginya, ya ji ta amsa masa kamar ganga, ya leƙa ta tsakanin itatuwan ya ga ruwa na gudu, sai ya ja baya ya kafe. Na bayansa duk suka kafe. Aka ja, aka tura, aka doka, aka rufe wa wani ido da rawani. Ko ɗaya bai hau ba. Raƙuma ma haka, su har da durƙushewa. Tsohon mashigi kuwa babu shi, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tudun hanya, ya zama tafki mai shanye jaki da kayansa. Falke ba ya kwana a gaban ruwan da bai kai masa ƙirji ba. Sai suka riƙa gangarawa da dabbobinsu ta gefen gadar, su faɗa cikin Ginanniya su haura can. Gaɓar ƙasa ce da aka tara da hannu, ba ta jure kofato. Kafin wata ya mutu ta zube, ruwa ya malale ya kwanta a kan hanya, fadamar ƙasa ta fara ƙishi.

Maza sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan rage musu ba. Suka zuba ƙasa a kan gadar, ta zurare ta tsakanin itatuwa ta bi ruwa. Suka kwaɓa laka suka yaɓe kamar rufin soro, rana ta busar da ita, mota ta bi sau ɗaya ta farfashe. Daga nan magana ta fara yawo cewa jaki na ganin abin da mutum ba ya gani, wai akwai mai wurin a ƙarƙashi, kuma an gina masa a ka ba a ba shi komai ba. Liman ya hana, ya ce wannan ba addini ba ne. Amma wasu suka faki idonsa suka yanka baƙin bunsuru a tsakiyar gadar. Jini ya bi ramukan giginya ya bushe. Jakunan da a da sukan iso bakin gada kafin su kafe, yanzu tun daga nesa suke jin ƙarni su juya da gudu, kaya na zubewa.

Ana cikin haka motar kumandan ta zo ta nutse a laka har ciki, dab da gadar. Sai da aka tara mutane suka ciccibe ta. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya dubi gaɓar da ta zube, ya yi magana, tafinta ya juya mana. Ya ce gwamnati ta kashe dukiya ta yi abin da muka roƙa. Zai dawo ranar kasuwa ta sama. In ya tarar dabbobi ba sa bin gada kuma ruwa na kan hanya, za a toshe Ginanniya daga bakinta, a cike ta.

A ranar da yamma na kai wa maigidana tuwo. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Bai wanke hannu ba ya ce, “Na yi magana da ɗan kawuna na wajen Daura. Akwai fili a bakin rafinsu. In aka cike Ginanniya, ba mu kwana uku a garin nan ba.”

Inna ta ce, “Kabarin ubanka fa?”

“Kabari ba ya shan ruwa, Inna. Rake na sha. Sun ɗauki ƙanena, na yi shiru. In suka ɗauki ruwan, me zan zauna in tsare?”

Inna ta ci gaba da kaɗinta. Mace tana bin mijinta, haka muka taso muka gani. Amma mahaifiyata tana unguwar gabas, idonta ya fara rufewa, ni ce mai kai mata ruwa da itace. Ga kuma Kande, wadda katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata. Wanda ya tsallaka a lokacin ba ya dawowa ziyara, domin sunansa na wurin gardi. Na san in na tafi, na tafi ke nan.

Washegari a wurin wanki na faɗa wa Kande. Ina kuka a hankali don kada sauran su ji. Ita Kande ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ci gaba da bugun zanenta a kan dutse, sannan ta ce, “Share hancinki, kin yi muni. Ke kin taɓa hawa gadar nan?”

Na ce na hau.

“Da kika dubi ƙasa me kika ji?”

“Cikina ya kaɗa.”

“To ke ke nan, mai hankali, wai. Ina ga jaki? Ba aljani yake gani ba, ruwa yake gani a ƙasan ƙafarsa. Ƙasa yake so ya taka. Su kuma waɗancan masu gemu sun je suna yaɓe kamar masu gyaran rumbu.” Ta tsaya, ta riƙe ƙugu. “Wai ni kam, a garin nan wa ke yin ƙasar da ake takawa shekara da shekaru ba ta fashe ba?”

Sai na daina kukan. Domin amsar mu ce. Yaran yanzu da suka buɗe ido a kan siminti ba su san daɓe ba. In za a kai amarya, matan unguwa ne ke taruwa su yi mata ƙasan ɗaki. A shimfiɗa birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa. A yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu in an jiƙa ɓawon ɗorawa har ya yi baƙi ya yi danƙo. Sannan kowa ta ɗauki madaɓinta, guntun itace mai faɗi da mariƙi, a durƙusa a jere ana bugu ana waƙa, har ƙasa ta haɗe ta yi sheƙi. Daɓe mai kyau ruwa ba ya cinsa, turmi ba ya fasa shi. Kuma aikin mata ne zalla. Namiji ba ya leƙawa, domin waƙoƙin da ake yi a wurin ba na kunnen maza ba ne.

Muka kai wa Inna maganar. Ta ajiye mazarinta ta daɗe tana dubanmu, sannan ta ce, “A shimfiɗa zana a kan itatuwan tukuna, ninki biyu, don ta riƙe birjin. Ku kira mini ɗana.”

Da maigidana ya ji, sai ya miƙe tsaye. “Matata a kan hanyar gwamnati? A durƙushe, gaban fatake da gardi, tana waƙar daɓe? Gara a cike ta.”

Kande, da ta riga ta koma bayan katanga, ta ɗago murya. Tsakaninta da shi akwai wasa, irin na ƙawar mata da miji. “Ranka ya daɗe, ai mun ga naku aikin. Romon bunsurun ya yi daɗi?”

“Ban ci ba,” in ji shi.

“Ashe har a nan ma an cuce ka.”

Inna ta ɗaga hannu. Ta ce, “Wa ya ce maka namiji zai gani? Kai ka taɓa ganin daɓen ɗakin matarka? Za a kafa zana a bakin gada nan da can. Daga ranar da muka shiga har mu fito, wurin ɗakin amarya ne. Wanda ya leƙa, ya leƙa uwarsa.”

“Hanyar gwamnati za ki rufe, Inna?”

“A rufe take. Jakuna sun riga ni.”

Bai ce ya yarda ba, amma bai sake cewa a'a ba. Inna ta yafa mayafinta ta tafi wurin mai unguwa, daga nan suka je wurin maginin, wanda bai bar gari ba domin shi ma abin ya dame shi. Ya saurara, ya sa aka kai shi wani ɗaki ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da guduma. Ya tambayi kaurin da za mu zuba, ya ce ƙarafansa za su ɗauka. Shi da kansa ya roƙi gardi ya tsare mana bakin hanya, ya kuma kankare jinin bunsurun da hannunsa.

Ban taɓa ganin gari ya motsa kamar a kwanakin nan ba. Kowace mace ta fito da makubar da ta ɓoye don auren 'yarta. Wata tsohuwa ta kawo tata tana cewa, “Jikata ta kwana a kan rairayi, ba ta mutuwa.” Aka jera randuna a bakin ruwa ana jiƙo, warin ya cika unguwa. Maza suka gyara gaɓar da ta zube, suka haƙo birji suka tara, suka kafa zana, suka ja da baya. Labari ya kai Icirnawa da Yauri, inda muke da dangi. Sai ga mata sun iso a ƙafa, kowa da madaɓinta a cikin ƙwarya, wasu ba su da ko kunya ɗaya a fadamarmu. Na tambayi wata me ya kawo ta. Ta ce, “An ce za a daɓe wa Nasara ɗaki. In mutu ban gani ba?”

Muka shiga bayan sallar asuba, gari na wayewa. Na ɗaure ɗana a baya na durƙusa kusa da Kande. Bugun farko da muka yi tare, gadar ta amsa da wata irin ƙara, har sai da wasu suka tsorata suka miƙe. Ramin da ke ƙasa ya mai da ita ganga, an ce har cikin kasuwa ana ji. Sai Kande ta ɗaga murya, ita ce mai ba da waƙa tun muna yara:

“Baƙin bunsuru ya tafi a banza,
maza sun sha romo, jaki ya ƙi.
Ku ja da baya, masu gemu,
yau gwamnati ce amaryarmu.”

Muka amsa, madaɓai suka faɗi tare. Sauran baitocin ba zan faɗa ba, na tsufa, kuma ba don takarda aka yi su ba. Ta yi wa mai unguwa, ta yi wa gardi da jar hularsa, ta yi wa maigidana da shirunsa. An ce gardin yana bayan zana yana dariya har da riƙe ciki. Rana ta ɗaga, tafin hannu ya yi ƙuna, baya ya ƙage. A yayyafa makuba, a buga, a ƙara birji, a buga. Inna ba ta riƙe madaɓi ba. Tana tafe a tsakaninmu tana doka diddigenta a ƙasa, kanta a karkace tana saurare. “Nan da saura. Ke 'yar Yauri, ba shafa shi za ki yi ba, ba mijinki ba ne.” A hankali ƙarar ta fara sauyawa. Gangar ta yi ta dusashewa, tana komawa ciki, har lokacin da muka buga muka ji abin da ake ji in an buga ƙasa. Kande ta dube ni, fuskarta duk jar ƙasa, ta ɗaga mini gira.

Daɓe ba ya son gaggawa. Sai an rufe shi da ganye ya sha iska, a dawo a sake yayyafi a sake bugu, har ya daina nuna sawu. Muna cikin haka wani madugu Bakano ya iso da babban ayari, gardi ya tsai da shi. Ya zo bakin zana yana faɗa.

“Wace irin ƙasa ce wannan da mata ke rufe hanya? Goro na ɗauko, ba dutse ba!”

Inna ta amsa masa daga ciki. “Bakano ne, na ji muryar. Ai ku ko aljanna aka ce ku jira a ƙofa, sai kun tambayi nawa za a rage muku.”

“Iya, bawanku nake, amma goro ba ya jira.”

“Ka yayyafa masa ruwa, ga shi nan kyauta, mu muka gina. In ka saukar mini da jaki ɗaya cikin Ginanniya, da madaɓin nan zan daɓe ka.”

Ya yi dariya, ya sauke kaya a ƙarƙashin tsamiya. Muka riƙa aika musu da fura da tuwo. Ya ce tun da yake fatauci ba a taɓa tsare shi aka ƙosar da shi haka ba.

Ranar kasuwa aka cire zana. Gadar ta fito baƙa-baƙa, sumul, tana ɗaukar ido, ta haɗe da hanya nan da can ba a ganin inda ɗaya ta ƙare. Duk garin yana bakin gaɓa, maza a gefe, mu a gefe, hannayenmu a kumbure. Kumandan ya iso da hantsi, ya tsai da motarsa ya fito. Na hangi maigidana can baya shi kaɗai, ya harɗe hannu. Madugu ya sa aka ɗaura kaya, ya kora jakin gabansa, wani tsoho mai ƙararrawa a wuya. Ya ce kada kowa ya ja shi, kada a yi masa tsawa.

Jakin ya zo bakin gadar ya tsaya. Ya sunkuya yana shinshinar makuba, ya daɗe. Ba na jin komai sai ruwa a ƙasa da numfashin Kande a kunnena, ta riƙe mini hannu har yana zafi. Ya ɗaga kai, ya kaɗa kunne. Sai ya ɗora kofato, ya ɗora na biyu, ya kama tafiya kamar mai zuwa gidan ubangidansa, ƙararrawa na kaɗawa. Da ya kai tsakiya ya tsaya, zuciyata ta tsaya tare da shi. Ashe kashi zai yi. Ya gama abinsa a natse ya wuce, sauran suka bi shi a jere, ba wanda ya ko dubi gefe.

Guɗar da aka yi a ranar ban sake jin irinta ba. Mata suka rungume juna, tsofaffi na rawa, 'yar Yauri ta cire ɗankwali tana kaɗawa. Maginin ya zauna a ƙasa yana share fuska da hularsa. Madugu ya kwance huhun goro ya kawo wa Inna da hannu biyu, ya ce na amarya ne. Kumandan ya taka gadar da takalminsa, ya je ya dawo, ya yi magana kaɗan. Tafinta ya ɗaga murya ya ce Ginanniya ta zauna, kuma gyaran saman gada a hannun mutanen gari yake. Kande ta ce, “A hannun wa?” Mata suka fashe da dariya.

Haka kuwa aka yi. Duk bayan damina mukan kafa zana mu sabunta daɓen, har lokacin da aka zo aka zuba siminti a kai, shekaru da yawa bayan haka. 'Yan matan da aka haifa daga baya sun ɗauka haka duniya take, cewa mata ne ke gyaran gada. Mahaifiyata a hannuna ta cika. Ni da Kande muka haihu, muka aurar, muka binne mazajenmu, katangar nan ɗaya a tsakaninmu. Ginanniya kuwa ba Nasara ne ya kashe ta ba, fari ne ya shanye ƙoramar a shekarun yunwa, bayan sun tafi. Wannan hukuncin Allah ne, ba ni da ƙara. Abin da aka so a ƙwace mana da hannu dai ba a ƙwace ba.

A ranar da jakin ya ƙetare ban san ko mun zauna ko ba mu zauna ba, domin maigidana bai yi guɗa ba, bai kuma zo inda nake ba. Mutum ne da in ya ɗaura niyya da wuya ya kwance, kuma ba ruwa kaɗai ke cinsa ba, akwai ƙanensa. Da la'asar ya shigo gida da laka har gwiwa, daga fadama yake. Na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya sha, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana duban ƙasa, inda daɓen aurena ya farfashe ya yi ramuka.

Ya ce, “Ke da kika daɓe wa gwamnati hanya, dubi ɗakinki.”

Na ce, “Wa zai ɓata makuba a ɗakin da za a bari?”

Ya miƙo mini ƙwaryar. Sannan ya juya wajen katanga ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

“Kande! In hannunki ya sace, akwai aiki a nan gidan. Amma ban da ni a cikin waƙar.”

Daga can ta amsa, “Da kai za a fara.”